Sanarwar tsaro daga kamfanin da ke riƙe min sunan shafi: amfaninta da aibinta

Tun da na yi rajistar sunan shafina na intanet da wannan kamfani, na kuma ɗora shafin a kan sabarsu, suke turo min labarai da sanarwar tsaro ta imel. Masu shafi da yawa ba sa ma buɗe irin waɗannan saƙonni. Ni ina karantawa, kuma abin da ke cikinsu yana da amfani ƙwarai. Yadda ake aiko su ne ke ci min tuwo a ƙwarya.

Inda suka kyauta, sun kyauta. Lokacin da Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida a watan Fabrairun 2024, cewa duk mai aika imel da yawa sai ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa imel daga mai sunan ya fito, ko saƙonsa ya ƙi shiga, kamfanin ya yi mana bayani tun kafin ranar ta zo. Sun nuna layin da za a rubuta a cikin DNS, wato kundin da ke haɗa sunan shafi da sabarsa, da wurin da za a saka shi. Ga abin da ya canza, ga yadda ya shafe ka, ga abin yi. Haka suka yi da DNSSEC, tsarin da ke sa wa bayanan suna hatimi don kada masu kutse su karkatar da baƙinka zuwa shafin bogi. Daga gare su na fahimce shi sosai.

Tunatarwar sabunta rajista ma tana zuwa a kan kari, sai dai wannan ba alfarma ba ce. Dokar ICANN ce, wato hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, ta wajabta a tunatar da mai suna wajen wata guda kafin wa'adi ya cika, a sake tunatar da shi saura mako guda. In an goge suna irin na .com, kwana 30 ne kawai na fansa, kuma da tsada. Wanda ya rasa sunansa ba shafi kaɗai ya rasa ba, har imel ɗinsa ya tafi.

To a nan damuwata take. Saƙo mai nauyi irin wannan, da tallan rangwame, da gaisuwar sabuwar shekara, duk daga adireshi ɗaya suke fitowa, da launi ɗaya, da maɓalli ɗaya mai cewa a latsa nan. Sanarwar gaske ta zama allura cikin ruwa, sai mai rabo. Abin da ya fi muni, wannan salon ne 'yan damfara ke kwaikwaya idan za su turo saƙon ƙarya cewa sunanka na gab da mutuwa, ka shigar da kalmar sirri da lambar kati. Kamfanin da ke gargaɗin mutane game da saƙon yaudara bai kamata ya saba musu da latsa mahaɗi a cikin imel ba.

Akwai kuma wanda ya ɓata min rai. Sun turo saƙo da taken faɗakarwar tsaro, na buɗe hankali a tashe, ashe takardar shaidar SSL ta kuɗi, mai ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da baƙo, suke son sayarwa. Alhali shafina na da irin wannan takarda daga cibiyar Let's Encrypt, kyauta, tana sabunta kanta. Tsoratar da mutum don a sayar masa da kaya ba daidai ba ne, kuma gobe in matsala ta gaske ta taso, wa zai ɗauke ta da muhimmanci?

Ban bar su ba, saboda makullin hana sauya wa suna kamfani yana aiki, haka matakin tantancewa na biyu ta manhajar waya. Amma na rubuta musu cewa su ware adireshi na musamman don tsaro kaɗai, su kuma riƙa manna kowace sanarwa a cikin asusun mutum don a iya tabbatar da ita. Kafin su yi hakan, duk saƙon da ya zo, rufe shi nake yi in rubuta adireshinsu da hannuna in shiga in duba.