Fitilar kabon ko ta zenon a tsohuwar na'urar majigi

Malam, game da ko ka bar wa na'urarka fitilarta ta kabon, mai ba da haske daga wutar lantarki da ke tsallakawa tsakanin sandunan gawayi biyu, ko ka mayar da ita ta zenon, wato ƙwan gilashi da aka cika da iskar zenon, shawarata ita ce ka bar ta yadda ka same ta.

Tawa fitilar ta kabon samfurin Peerless Magnarc ce, na saye ta lokacin da aka rufe wani gidan sinima, kuma har yau ban manta daren da na fara kunna ta ba. Na haɗa bakin sandunan kabon biyu, na ɗan raba su, sai wuta ta tsaya a tsakaninsu fari fat, madubin da ke baya ya tattaro hasken ya aika shi ta cikin fim, fuskokin mutane suka fito a allo da wani irin armashi da ban taɓa gani a talabijin ba. Sai dai tana son mai kula da ita. Sandunan suna cinyewa, don haka ko da yake akwai ɗan injin da ke tura su, dole idonka ya kasance a kan baƙin gilashin leƙawa kana daidaita tazarar. Shi ya sa a da ake ajiye na'ura biyu, naɗin fim mai ƙafa 2,000 ya ƙare cikin kimanin minti 20, a koma ɗayar. Lalle ka sa bututun fitar da hayaƙi, kuma kada ka kalli wutar da ido tsirara, domin tana ƙona ido kamar wutar walda.

Ta zenon, wadda kamfanin Osram na Jamus ya fito da ita a shekarun 1950, na saya na yi nadama. Tana yin awa sama da 1,000, ban musa ba, amma sai da na sauya madubi da na'urar ba ta wuta, ga tsada, ga iskar da aka matse a cikin ƙwan tana iya tarwatsa shi.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu sukan miƙo maka sandunan kabon na masu walda su rantse na sinima ne, alhali haskensu rawa yake yi, wasu kuma su ba ka waɗanda suka sha danshi, su riƙa tartsatsi. Ka ce a kunna ɗaya a gabanka kafin ka biya, kuma ka tafi da guntun tsohuwar sandarka ka gwada kauri.