Sharhi Kan Matatar Ruwa Mai Kyandir Bayan Fiye da Shekara Guda Muna Sha Daga Gare Ta

Na sayi matatar ruwan nan a watan Nuwamba na 2024, bayan abubuwa uku da suka faru a jere cikin wata uku sun hana ni barci. A farkon Agusta an sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano sakamakon zanga-zangar tsadar rayuwa. Ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, kuma ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Sai kuma ƙarshen Oktoba, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin jihohin arewa suka kwashe sama da mako guda cikin duhu. Wannan na ukun shi ne ya shigo har tsakar gidana, domin rijiyoyin burtsatse na unguwarmu da wuta suke aiki, masu janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba sa kunna shi sai dole. 'Yan ga-ruwa suka riƙa kwana a layi, kuɗin jarka ya ninka, daga baya kuma suka fara ɗebowa daga duk inda suka samu. Wata safiya uwargida ta juye jarka a bokiti ta kira ni in gani: ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, akwai ƙaiƙayi yana yawo a kansa, ga wani ƙarni da ke tashi. Mu tara ne a gidan, har da mahaifiyata da yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba.

A ranar na gane cewa tabarbarewar al'amura ba sai an ji ƙarar bindiga ba. Ya isa a ce wuta ta ɗauke, mai ya yi tsada, hanya ta rufe, sai magidanci ya ga yana da hatsi a rumbu amma ba shi da ruwan da zai amince ya ba ɗansa.

Abin da na saya tukwane biyu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya a kan ɗaya, kowacce tana cin kimanin lita goma. A cikin ta sama akwai kyandir biyu na farin yumɓu da aka gasa, cikinsu cike da gawayi na musamman, ruwa yana ratsa jikinsu yana ɗiga a tukunyar ƙasa, wadda ke da ɗan famfo. Ba ta buƙatar wuta ko batir ko ruwan famfo mai ƙarfi, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa na zaɓe ta a kan injunan da ake kafawa a bango, waɗanda suke mutuwa a daidai ranar da aka fi buƙatarsu. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda irinta suna da yawa a kasuwa da sunaye daban-daban, kuma abin da zan faɗa ya shafe su gaba ɗaya.

Neman wadda za a amince da ita ya fi biyan kuɗinta wahala. A shagon farko mai kayan ya ce mini: "Alhaji, ko ruwan kwata ka zuba mata, abin da zai fito ya fi na roba kyau." Da na tambaye shi girman ramukan kyandir ɗin da kuma inda aka gwada shi, sai ya juya kwalin yana nuna mini hoton yara suna dariya. Kwalaye da yawa sun rubuta cewa suna kawar da kashi 99 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta, amma babu sunan ɗakin gwaji, babu bayanin irin ƙwayoyin da ake nufi. Wannan adadi yana da daɗin ji, sai dai idan ruwa yana ɗauke da ƙwaya miliyan guda, kashi ɗayan da ya rage ƙwaya dubu goma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin gwada kayan tsaftace ruwan gida tun 2014, tana ba su tauraro uku ko biyu ko ɗaya gwargwadon yadda suke yi da bakteriya da bairos da sauran ƙananan halittu, kuma sakamakon yana intanet ga mai son dubawa kafin ya fita kasuwa. A ƙarshe na ɗauki wadda takardarta ta faɗi girman ramukan a fili, ta ambaci inda aka gwada ta, kuma ta rubuta abin da ba ta iya cirewa. Wannan na ƙarshen ne ya fi kwantar mini da hankali.

Ranar farko mun jiƙa kyandir ɗin, muka zubar da cikawa biyu na farko kamar yadda takardar ta ce, domin suna fitowa da ɗanɗanon ƙasa. Sai muka zauna muna jin ɗigar ruwan a gindin tukunyar ƙasa, ɗis, ɗis, kamar indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Da asuba na tari kofi guda na ɗaga shi a hasken fitila, ruwan garau, babu wari, babu ɗanɗano, alhali daga irin jarkar nan aka zuba shi. Ta wannan fuskar ba ta taɓa ba ni kunya ba har yau.

Amma tana da nawa ƙwarai. Na auna da gorar lita guda na ga kowane kyandir yana ba da kimanin lita ɗaya a awa idan tukunyar sama tana cike, kuma yana ƙara raguwa yayin da ruwan ke sauka. Idan muka cika ta bayan sallar isha'i, da bayan asuba, da kuma azahar, muna samun lita 25 zuwa 30 a yini. Wannan ya ishe mu sha a lokacin sanyi da damina, amma a zafin bazara, musamman da azumi, ba ta riskar buƙatar mutum tara sai an haɗa da tafasasshen ruwa. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini domin sha da girki da tsafta a lokacin bala'i, wato lita 135 ke nan a gida irin nawa. Duk wanda ya saye ta da niyyar ta ɗauki nauyin girki da wanke-wanke zai yi da-na-sani. Ta sha ce kawai, sai wanke kwanon jariri da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ruwa mai laka shi ne babban abokin gabarta. A damina kwana uku kacal kyandir ke yi sai ka ga ya lulluɓe da wani santsi mai ruwan ƙasa, ɗigar ta kusa tsayawa. Ana kwance shi a goge a hankali da soso mai laushi da ruwa mai tsafta, ba tare da sabulu ba, kuma kowace guga tana cin kaɗan daga jikinsa, har ya zama siriri a ƙarshe. Mahaifiyata ce ta rage mana wannan wahalar. Ta ce: "Kai ma da kake ɗan boko, ai ba a ba injin niƙa hatsi da tsakuwa. Ku fara kwantar da ruwan mana." Tun daga ranar muke jefa ɗan alif a bokiti, ko dakakkun 'ya'yan zogale, mu bar shi awa biyu laka ta kwanta, sannan mu tsiyaye ta cikin farin ƙyalle da aka ninka huɗu kafin ya shiga matatar. Ta tuna mana yadda ma'aikatan lafiya suka riƙa raba ƙyallen tace ruwa a ƙauyuka zamanin yaƙi da kurkunu, cutar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. Da wannan dabara wankin kyandir ya koma sau ɗaya a mako biyu.

Abin da ya fi tsorata ni ya faru ne a wata na biyar. Na lura tukunyar ƙasa tana cika cikin awa biyu, yara suna murna wai matatar ta yi sauri, ruwan kuma a ido babu abin da ya same shi. Na kwance kyandir ɗin biyu na tsoma su a bokiti, na hura iska ta bakin kowanne. Na farko ya fitar da ƙananan kumfa ko'ina a jikinsa, na biyun kuwa sai ga manyan kumfa suna fita a jere daga wuri guda kusa da gindinsa. Da na kai shi rana na ga tsaga siririya kamar gashi, wataƙila an buga shi a bakin baho wajen wanki. Kwana biyu ke nan muna shan ruwan da bai tatu ba muna zaton ya tatu. Allah Ya kiyaye babu wanda ya kwanta, amma ina ganin wannan shi ne aibin da ya fi kowanne girma a irin wannan matata: idan ta lalace ba ta tsayawa, sai ma ta ƙara sauri. Haka yake idan robar da ke gindin kyandir ba ta zauna daidai ba, ko an ɗaure ta da sanyin hannu. Neman madadi ya ɗauke ni mako uku, domin waɗanda na fara samu bakinsu bai dace da ramin tukunyar ba. A tsawon lokacin na toshe ramin guda muka dogara da kyandir ɗaya.

Akwai kuma abin da ko lafiyayyen kyandir ba ya iyawa, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Ramukan yumɓun ba su kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, saboda haka suna tare mafi yawan bakteriya irin masu jawo kwalara da taifot, da ƙwan tsutsar ciki, da ƙananan halittun da ke sa atini. Ƙwayoyin bairos kuwa sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna iya wucewa. Daga cikinsu akwai mai jawo ciwon hanta nau'in E, wanda ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa, yake kuma da haɗari ƙwarai ga mata masu ciki. Ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017, a wuraren da 'yan gudun hijira suka cunkushe. Wato a daidai lokacin ambaliya ko rikici, sa'ad da masai ke haɗewa da rijiya, matatar ita kaɗai ba ta wadatar ba. Abin da muke yi idan ba mu san asalin ruwa ba shi ne mu tace, sannan mu sa kulorin, ko na ruwa irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, bisa ma'aunin da ke jikin kwalin, mu jira minti 30. Biyun suna cike giɓin juna, domin kulorin yana kashe bairos amma yana da rauni a kan wasu halittun da kyandir ke tarewa, kuma ya fi aiki a ruwan da babu laka. Idan babu kulorin, a tafasa ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka. Gishirin rijiya da dalma da dagwalon masana'antu kuwa ba aikinta ba ne, gawayin da ke ciki yana rage wari da ɗanɗano ne na ɗan lokaci sannan ya gaji. Wanda rijiyarsa ke kusa da magudanar majemu a Sharaɗa ko Challawa kada ya ɗora wa wannan matata amanar da ba ta ɗauka ba.

Wata matsalar daga gida take, ba daga kamfani ba. Ruwan tukunyar ƙarfe yana ɗumi da rana, mahaifiyata kuwa ba ta shan ruwan da bai kwana a randa ba. Sai aka riƙa juye tataccen ruwan a randa, kowa yana tsoma moɗa da hannunsa, ita moɗar kuma wani lokaci a ƙasa take kwana. Duk aikin da kyandir ya yi cikin dare moɗa tana rusa shi cikin daƙiƙa. Mun sasanta da sabuwar randa mai marfi da ludayi mai dogon hannu wanda ake ratayewa a ƙusa, ba a sha da shi, sai dai a zuba a kofi. Famfon matatar ma muna goge shi kullum, saboda yara suna kama bakinsa da hannu.

Matatar ba ta haifar da ruwa, sai an kawo mata. Saboda haka yanzu muna da duro biyu masu marfi da jarkoki shida a inuwa, muna amfani da su muna sake cikawa don kada ruwan ya tsufa, kuma lissafina shi ne su kai mu kwana uku ko ba a ga mai kura ba. Na ajiye buhun gawayi domin tafasa ruwa, da fitila mai cajin rana, da 'yan kuɗi a hannu saboda abin da muka gani na ƙarancin takardun naira a farkon 2023. A bangon kicin na rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ya fi duk waɗannan amfani kuwa ba a gidana yake ba, shi ne karo-karon da magidantan layinmu suka yi aka sa wa rijiyar masallaci faifan sola, domin daga lokacin ne muka san inda ruwanmu ke fitowa.

Idan aka tambaye ni ko zan sake sayen ta, zan sake. Ta rage mana kuɗin ruwan leda sosai, kuma yawan gudawar da yara ke yi a damina ya ragu a gidana yadda uwargida ta fara lura kafin ni. Ta dace da gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ko yake ɗiba daga rijiya, matuƙar akwai mutum guda da zai ɗauki nauyin cika ta da wanke ta da lura da saurin ɗigarta. Shawarata ga mai saye ita ce ya haɗa da kyandir biyu na ajiya da robobinsu da famfo guda a rana ɗaya daga shago ɗaya, ya gwada su a gaban mai shagon, kuma ya fara amfani da ita tun ana zaune lafiya, domin mu sai da muka yi kusan wata biyu kafin hannunmu ya faɗa. Nawa na ajiya suna cikin akwati a naɗe da tsohon zani, na kuma rubuta ranar da na sa waɗanda ke ciki a jikin marfin, za a canza su kafin saukar damina.