Baƙin mai a ƙaramin jirgin sama: Lycoming ko Rotax 912?

Injin Lycoming na ƙaramin jirgi Cessna 172 a kaskon ƙasan inji yake ajiye baƙin mai, kusan kwat 8 (kwat ɗaya ya kusa lita ɗaya). Famfo ɗaya ke tura shi ta filta, ya zagaya, ya gangaro da kansa. Ga ɗan koyo, wannan ya fi sauƙi: zaro sandar awo, duba, shi ke nan.

Injin Rotax 912 kuwa tankin mansa daban, kusan lita 3, kuma matsin iskar cikin inji ke mayar da mai tankin. Idan jirgi ya kwana, mai kan sulale cikin inji, sanda ta nuna ƙasa, a ƙara, ya yi ambaliya. Don haka, kashe wutar inji tukuna, buɗe murfin tanki, juya farfela da hannu har ka ji tankin ya yi ƙara kamar gyatsa, alamar man ya koma cikinsa, sannan ka auna. Kada ka juya ta baya, iska za ta shiga bututun mai.