Ta wuyan hannu aka duba zuciyar mahaifina

Mahaifina na fama da ciwon ƙoda, kuma likitoci suna ganin wankin ƙoda na nan tafe. Da aka ce za a zura siririn bututu a duba jijiyoyin zuciyarsa, hankalina ya tashi, domin rinin da ake ɗurawa don ɗaukar hoto yana iya ƙara wa ƙoda rauni.

Sashen zuciyar ya burge ni. Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani: in an zura bututun ta wuyan hannu zubar jini bai cika yawa ba, ta matsematsi kuma sai mutum ya kwanta sa'o'i ba motsi. Sai dai jijiyar hannu tana iya toshewa bayan aikin, alhali nan gaba ita za a haɗa da wata jijiya don samar da hanyar wankin ƙoda. Shi ya sa ta tuntuɓi likitan ƙodarsa tukuna, suka bar hannun hagu ba a taɓa ba, aka bi ta dama. An yi masa ƙarin ruwa, an rage rinin.

Abin da bai yi mini daɗi ba: an sallame mu ba wanda ya ce a sake gwajin ƙoda bayan kwana 2 zuwa 3. Sai da na tambaya.