Furen shadda da furen atamfa, wanne ne wanne?

Hajiya, kin tambaya me ya sa shadda ta fi atamfa tsada alhali furenta ko fitowa ba ya yi sosai, kuma wacce za ki ɗinka wa Sallar Gani a Daura. To, furannin biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba.

Furen atamfa bugawa aka yi. Farin yadin auduga ake samu, a ɗora masa kakin da ke hana rini shiga wasu wurare, a rina, sannan a bi da sauran launuka. Dabarar daga tsibirin Jaba na Indunusiya Turawan Holan suka kwaso ta, kuma kamfanin Vlisco mai Super da Holan ɗin da muke rububi yana nan tun 1846. Kyanta a launi yake, daga nesa take kiran ido.

Shadda kuwa furenta a jikin saƙar yake. Launi ɗaya ne tal, amma a wajen furen zare yana tsallake 'yan uwansa da yawa kafin ya nutse, sai wurin ya yi santsi ya kama haske, gefensa kuma ya yi duhu-duhu. Shi ya sa in kin shimfiɗa ta cikin ɗaki kamar ba komai, amma ki fita da ita tsakar gida da hantsi ki ɗan karkata ta, ganye da reshe duk za su taso. Ki shafa da ɗan yatsa, za ki ji inda saƙar ta sauya. Injin da ke wannan aiki wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya fito da shi a 1804, Getzner kuma, gezna ɗinmu, a Ostiriya ake saƙa ta. Galila ma shaddar ce, fara ake kai ta Mali a rina, a buge ta da itace har ta ɗau sheƙi.

In kin shiga babbar kasuwar Katsina, kada ki ji kunyar juya yadi a gaban mai shago. Shaddar kirki furenta na nan a baya, sai dai inda ke ƙyalli a gaba ya dushe a bayan. Mai arha sitati ne ya riƙe ta, wanki ɗaya ta saki jiki. Atamfa ta gaske kuma rininta ya ratsa gaba da baya, ta bogi bayanta fari-fari ne.

Wajen wahala atamfa ta fi juriya, ga sauƙin wanki da guga. Shadda 'yar lallaɓa ce, ba ta son cuɗa, ba ta son daɗewa a rana wajen shanya.

Ni dai don Gani shadda zan ɗauka, tunda a fili za a wuni ana kallon hawa. Amma ki ja wa tela kunne kada ya cika mata aiki har ya rufe furen, wuya da bakin hannu sun isa. Atamfar ki bar ta wa suna da anko.