Baba ya gane Kwanar Dangora daga sama, sandar tuƙi ta kayar da mu a Zariya

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in sayi Microsoft Flight Simulator na 2020, wasan kwamfuta na tuƙin jirgin sama, don duk wanda ya san kuɗinsa da irin kwamfutar da yake nema ya san ba abin faɗa wa da ka ba ne. Amma ni tsohon hannu ne a harkar. A shagon buga takardu na yayana na fara, wajen 2005, a kan wata kwamfuta Pentium 4 mai gurnani kamar injin markaɗe, da Flight Simulator 2004 ɗin nan mai faifai huɗu. Faifai na huɗun shi ne rai, in ba ya ciki wasan ba ya tashi, shi ya sa muke naɗe shi a hankici kamar laya. Sandar tuƙi kuwa ko a mafarki. Da madannai muke yi: F4 a ba da wuta, G a naɗe tayoyi, ɗigo a taka birki. Muryar Rod Machado, malamin da ke koyar da tuƙi a cikin darussan, har yau tana kunnena.

Yayana da Flight Simulator 98 ya fara, kuma har gobe in aka ambaci Meigs Field sai ya ja tsaki. Ɗan filin jirgi ne a bakin tafkin Michigan a Chicago, a da nan wasan yake ajiye mutum in ya kunna, tun fitowar farko ta 1982. A watan Maris na 2003 magajin garin, Richard Daley, ya tura katafila cikin dare ta farfasa titin jirgin. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba yana jimamin filin jirgi a Amurka. Mu ke nan.

A wancan tsohon wasan akwai filin jirgin Malam Aminu Kano, amma da ka ɗaga sama shi ke nan, sai fili ja-ja-ja da 'yan akwatuna a matsayin gidaje. Ko Kano ce ko wani gari ne, duk ɗaya. Don haka ban sa rai da komai ba ranar da na zaɓi ɗan ƙaramin jirgi Cessna 152 a sabon, na ajiye shi a Kano. Na san kamfanin Asobo na Bordeaux a Faransa ne ya gina shi da hotunan tauraron ɗan'adam na Bing, amma na ɗauka gatan na London da New York ne, mu sai dai ragowa.

Wallahi ina tashi na karkata hagu sai ga Dala, ga Goron Dutse, ga cunkoson cikin birni da lungunansa. Ihun da na yi ne ya fito da Baba daga ɗakinsa. Baba shekarunsa da yawa yana jan babbar mota tsakanin Kano da kudu kafin idonsa ya sa ya ajiye, kuma bai taɓa ɗaukar wasan nan a bakin komai ba, sunan da ya sa masa shi ne “aikin banzan nan naku”. Ya tsaya a bayana riƙe da carbi, ya ƙura wa allon ido, can sai ya ce, “Kai yaro, wancan ba titin Zariya ba ne?” Na ce shi ne, Baba. Ya jawo kujera.

Daga nan tuƙin ya bar hannuna. Ni ke riƙe da sanda, shi ke ba da umarni. Ya hana ni duba taswira, ya ce in bi kwalta kawai. Ya nuna min Kura, ya nuna min gonakin shinkafar Kadawa a yayyanke gida-gida, ya ce in leƙa hagu zan hangi ruwan Tiga, na leƙa, ga shi kuwa shimfiɗe. Da muka zo Kwanar Dangora tun kafin in yi magana ya buga cinyarsa ya ce nan ce, a nan motarsa ta taɓa lalacewa ya kwana biyu a bakin titi. Labarin da ban taɓa ji ba ke nan duk zamana da shi. Kusan minti 45 muka yi a sama, tuwo ya huce a kwano, Umma ta leƙo sau biyu ta koma. Da a daren nan aka ce in ba wasan maki, da na ba shi har da gyara.

To, sai saukar. Na ce bari mu sauka a filin jirgin Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take, in nuna wa Baba cewa shekarun da na yi ba a banza suka tafi ba. Na rage wuta, na daidaita da titi, sai jirgin ya fara ja hagu. Na mayar dama, ya ƙi. Muna gab da taɓa ƙasa ya kifa da mu cikin ciyawa, allo ya yi baƙi. Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, “Allah ya tsare fasinja,” ya shige ɗaki.

Ba laifin wasan ba ne, sandar tuƙin ce, kuma duk lokacin da na tuna raina sai ya ɓaci. Wani mai kayan kwamfuta ne ya sayar min, ya rantse sabuwa ce dal a kwalinta. Tun makon farko na lura in na sake ta a tsakiya ba ta tsayawa, sai na yi ta ƙara mata faɗin wurin da ba ta ji a saitin, ina rufe ɓaraka. Da na kwance ta bayan abin Zariya sai ga tsohuwar dalma da ƙura a ciki, an taɓa gyara ta ke nan aka mayar kwali. Na kira shi, ya ce in kawo. Na kai, ya ce yaronsa ba ya nan. Yanzu waya ma ba ya ɗauka.

Kuma tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Gigabait 150 wasan yake so a tanadar masa, sannan yana jan hotunan ƙasa daga intanet kana cikin tafiya. Da irin layin da nake da shi, kwana huɗu na yi ina saukewa, ana ɗauke wuta ina tayar da janareto, datar wata guda ta ƙare a sati. Ranar da sabis ya yi rauni kuwa Kano sai ta narke ta koma kamar ta 2005. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi da wuta tsayayyiya, gaskiya ya riƙe kuɗinsa tukuna, ko ya nemi tsohon Flight Simulator X na 2006 ya rage zafi. Kuma don Allah kowa ya jona sandar ya gwada a gaban mai shago kafin ya biya.

Na koma madannai kamar zamanin shagon yaya, yatsuna ashe ba su manta ba. Jiya bayan Isha'i Baba ya leƙo ya tambaya ko abin nan yana zuwa Lokoja, wai yana so ya ga gadar daga sama. Na ce yana zuwa, Baba. Ya ce to, amma in muka isa kada in sauka.