Yaya, ga labarin madgad ɗin da ka ce in duba maka

Assalamu alaikum Yaya. A gaida Inna da sauran mutanen gida. Hoton da ka turo ya iso, kana tsugune a hanyar Dakace kana ƙwaƙule taɓo da kara daga tsakanin taya da madgad. Sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don na san jar ƙasar nan in ta sha ruwan Agusta, cushewa take yi har tayar gaba ta ƙi juyawa. Ka ce in nemo maka madgad ɗin nan da ake ɗaurawa sama, nesa da taya, irin na mashinan tseren daji. Kafin in kashe kuɗin aike, sai na ce bari in fara gwadawa a nawa, tunda ni ma tsohon Honda CG125 nake hawa zuwa aiki.

Samun kaya a Ingila ba wahala. Ina kwance na saya a eBay, kwana biyu ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na farkon ya yi wa mashin ɗin yawa, ashe na taya mai inci 21 ne, namu kuwa 18 ce. Na mayar, suka dawo min da kuɗina ba musu, don doka ta ba wanda ya sayi abu a hannun ɗan kasuwa ta intanet kwana 14 ya fasa. Ka tuna masu safaya na Sabon Gari, in ka sa ƙafa waje da kaya, to kai da su sai Allah. Na biyun ƙirar Acerbis ne na Italiya. Na lanƙwasa robar da hannu, na saki, ta koma yadda take.

Wajen ɗaurawa ne na san na baro gida. Na buga wa wani gareji waya, suka ce sai bayan mako biyu, kuma aikin awa ɗaya fam 60, wanda ya ninka kuɗin madgad ɗin. Ranar da na je, makanikin ya leƙa ƙarƙashin wuyan mashin, wato ƙarfen da ke riƙe da shokoziba biyu, ya ce babu hujin da za a sa noti. Na ce to a huda mana, ko a ɗan taɓa da walda. Ya girgiza kai, wai in wurin ya tsage ina cikin gudu, shi za a nema. Na fito ina ƙunƙuni. Da a Tudun Wada ne, da mai walda ya yanko ƙarfe ya ɗana, yaronsa na riƙe da filaya, kafin in gama shan rake an gama. Amma a hanya na yi ta juya maganar, na ga Baturen bai yi ƙarya ba. Sau nawa muka ga walda ta ɓalle a gargadar hanyar Galma?

Ƙarshe ni na yi abina a bayan gida, cikin sanyin da yatsa ba ya jin sifana. Maƙwabcina ya ara min injin huda. Na yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, na kama shi da notikan da ke jikin wuyan tun asali, sannan na ɗaure robar a jikinsa da noti huɗu, irin na sifana lamba 10. Da na karya kan mashin, sai wutsiyar madgad ta daki bakin salansa, dole na rage kamar faɗin yatsa biyu. Wayar birki da ta mita suka koma lilo suna gogar taya, sai da na yi masu maƙali.

Abin da ban zata ba shi ne, tsohon madgad na ƙarfe ba taɓo kaɗai yake tarewa ba, shi ke haɗe ƙafafun shokoziba. Ina cire shi, gaban ya fara rawa in na kama birki. Sai na yanke tsohon, na bar gindin da ke ɗaure ƙafafun. Kuma ka sani, ruwan hanya yanzu injin yake samu, wani lokaci har gwiwata. Bayan haka sai da na kira masu inshora na shaida masu na canza wani abu a mashin, don in ka ɓoye, ranar hatsari za su iya juya maka baya.

Don haka robar kawai zan aiko ta hannun wani ɗan Samaru da zai zo gida, tare da farantin da zan huda maka. Ɗaurin a yi shi a can Zariya, ya fi sauri, ya fi araha. Amma Yaya ka tsaya a kansu, kada a kai wuta jikin wuya. In an gama, ka kama birki ka danna gaban da dukkan ƙarfinka, ka ga ko taya na taɓa roba. Ka auna min tazarar da ke tsakanin shokoziba biyun ka turo kafin Juma'a, mutumin ranar Lahadi zai tashi.